Rasuwar Rumbu, Mai Riƙon Muryoyin Gida

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda duk da haka ba ta ja da hukuncin Ubangiji, ni Ghali Tankari, ɗalibin ilimin kwamfuta a nan Guangzhou, kuma tafinta a ofishin aika kaya na Baffa Kallamu da ke unguwar Xiaobei, nake sanar da 'yan'uwa 'yan kasuwa da ɗalibai, na Najeriya da na Nijar, rasuwar Rumbu, faifan ajiyar da ke cikin kwamfutar ofishinmu. Ya cika ranar Talata da hantsi, a cikin damshin farkon shekarar nan ta 1999, bayan jinyar da ba ta yi tsawo ba amma ta yi muni. Ya tafi da muryoyin mutanen gida da muka ba shi amana. Cikinsu har da muryar Hajiya Mero, matar Baffa Kallamu, wadda ta riga shi barin duniya, kuma ba ta bar murya a ko'ina ba sai wadda ke cikinsa.

Na san akwai waɗanda za su karanta wannan takarda a jikin ƙofar gidan abincin da muke haɗuwa su ce karatu ya fara taɓa Ghali, yana yi wa ƙarfe ta'aziyya. Na ji, na kuma yafe. Ƙarfe ne, ban musa ba. Amma duk wanda ya taɓa zama a kujerar robar nan ta ofis ya rufe ido yana sauraron uwarsa tana yi masa faɗa daga Fagge, ya san abin da nake nufi, sauran kuma su yi haƙuri su karanta zuwa ƙarshe.

Marigayin ya shigo hannunmu ne shekara biyu da suka wuce, lokacin da 'yan kasuwarmu suka fara baro Bankok suna gangarowa nan. Ba sabo muka same shi ba. A kasuwar kwamfuta muka tsince shi, hannun wani lawban, wato mai shago a bakin Sinawa, mai siririn gashin baki, wanda duk abin da ka tambaya sai ya ce "meyo", babu, sannan ya sunkuya ƙarƙashin kanta ya ɗauko maka. Girmansa bai fi sandar sabulun wanki ba. Ban san gidan da ya yi wa bauta kafin mu ba, shi kuma bai taɓa tona asirin tsohon ubangidansa ba, wanda hakan ma shaida ce a kan halinsa. Harouna, abokin karatuna mutumin Damagaram, shi ya raɗa masa suna Rumbu, don ya ce duk abin da ka zuba masa da kaka za ka tarar da shi da bazara.

Ya kasance mai haƙuri, marar ƙorafi, mai tashi da wuri. In an kunna shi sai ya yi gyaran murya, kirrrr, ya ɗan yi shiru kamar mai addu'ar tashi daga barci, sannan ya ce tak-tak-tak, ya kama aiki. Bai taɓa tambayar mutum ƙabilarsa ba. Takardun kwantena ya riƙe, hotunan tayil da takalma ya riƙe, aikin makarantata da malamina ya yi ta mayar mini shi ma ya riƙe bai yi mini dariya ba. Aibinsa ɗaya da zan faɗa, tunda ba a ƙarya a kan mamaci, shi ne ba ya son zafi. In fanka ta tsaya sai ya fara nishi kamar tsohon da ya hau bene.

Amma babban aikinsa shi ne na kaset, kuma dole in yi bayani saboda ɗaliban da suka zo bana. Kiran gida daga nan sai mai ƙarfin hali, in ma ka kira layin ba ya shiga, in ya shiga sai an aika a kira maka mutum daga gidan maƙwabta. Iyayenmu mata da yawa kuma ba sa rubutu. Don haka kaset ne wasiƙarmu. Za a zauna a tsakar gida a danna rikoda, kowa ya zo ya yi gaisuwa, a naɗe kaset ɗin a leda a ba mai tahowa. Al'adar kuwa ita ce, kaset ɗin da ya zo shi zai koma. A kansa za ka ɗora amsarka, ka toshe 'yan ramukan nan da takarda, ka danna, muryarka ta hau kan tasu ta shafe ta. Wasu na cewa rowa ce, amma ba ita ba ce. In aka ga kaset ɗin da aka aika ya dawo da ɗigon jan farcen da aka yi masa alama da shi, an san saƙo ya isa hannu, an kuma saurara. Wanda ya aika da sabon kaset, sai a ce nasu ya ɓata a hanya, ko kuma bai damu ya ji ba.

Ni wannan shafewar ce ta riƙa ci mini rai. Sai na samo waya na haɗa rikoda da kwamfuta, duk kaset ɗin da ya zo, kafin mai shi ya ɗora amsa, sai in juye wa Rumbu. Da farko mutane sun ɗauka wasan yara ne. Daga baya sai ga manyan alhazai suna hawo bene da leda a hannu, suna cewa a sa musu a Rumbu tukuna. Haka ya tara mana gaisuwar iyaye, da kukan jariran da ubanninsu ba su gan su ba, da ƙarar keken ɗinkin maƙwabta, da faɗan da aka manta ba a kashe rikoda ba aka yi.

Kaset ɗin Hajiya Mero na ƙarshe ya zo ne a ƙarshen damina, bara waccan. Na juye shi, Baffa ya ɗora amsarsa, ya ba wani mai komawa Kano. Kafin mutumin ya isa an yi bakwai ɗinta. Don haka yau a gidan Baffa da ke Kano akwai kaset mai ɗigon jan farce, babu komai a kansa sai muryar Baffa yana tambayar mamaciya yaya ƙafar tata. Ita kuwa muryarta tana nan wurin Rumbu. Daga lokacin, duk Juma'a in an sauko daga masallaci, Baffa sai ya wuce ofis shi kaɗai, ya rufe ƙofa. Mutum ne da ko agogon hannunsa sai an saita masa, amma ya sa na koya masa abu biyu: maɓallin kunnawa, da babban maɓallin da in an danna magana take farawa. Ya riƙe su kamar karatun sallah. Mukan zauna a ƙasa mu sha shayi har sai ya sauko da jajayen idanu ya ce, "Ku fa yaran nan ba ku da aiki sai zama."

Game da ciwon ajali, ga yadda aka yi, kuma ina roƙon a karanta da kyau, don na fara jin ana juya maganar a kasuwa.

Kun san wannan lokaci da iskar kudu ke juyowa, bango ya yi gumi, madubi ya yi hazo, rigar da ka shanya ta kwana uku tana ɗiga. A irin wannan rana ce, Laraba, ina cikin juye wani kaset, soket ya yi tartsatsi, wuta ta ɗauke. Rumbu yana tsakiyar rubutu. Da wuta ta dawo ban sake tayar da shi yadda aka saba ba, don na san abin da nake tsoro.

Kowane faifai irinsa yana da wani ɗan sashe a farkonsa da muke kira taswira. Ba ta riƙe da murya ko hoto, abin da ta riƙe kawai shi ne inda kowane abu yake: wannan ya fara daga nan, ya ci gaba a can, ya ƙare a wuri kaza. Kamar mai unguwa ne a cikin birni, inda babu lambar gida. In mai unguwa ya ruɗe, gidaje suna nan, mutane suna ciki, amma baƙo ba zai taɓa samun ƙofar da yake nema ba. Masu ƙira sun san haka, shi ya sa suke ajiye taswirar guda biyu, ɗaya a bayan ɗaya. Wutar nan ta samu Rumbu yana rubuta ta farko. Ta biyu, ina da yaƙini har gobe, lafiyarta ƙalau.

Na kira Harouna, muka zo da manhajar leƙe a ɗan faifan aljihu. Wannan manhaja aikinta kawai ta duba cikin faifai marar lafiya ta faɗa maka abin da ta gani. Don haka aka yi ta, ba ta da wata sana'a. Muka tayar da ita. Ta karanta wata lamba a taswirar da ta lalace, lambar ta ce mata girman kowane ɗaki sifili ne, ita kuwa ba ta ce wannan ba zai yiwu ba, ta ɗauka ta yi lissafi da shi, ta faɗi sumammiya. Muka sake tayar da ita ta wata hanyar. Wannan karon taswirar ta ce mata wani kundi shi ne uban kansa, shi ne kuma ɗan kansa. Ta shiga ta fito, ta shiga ta fito, tana zagaye kamar akuyar da aka ɗaure a turke, har allo ya daskare. Harouna ya cire tabarau ya ce, "Wallahi wannan dokter ɗin bai taɓa ganin marar lafiya ba. A kan masu lafiya ya yi karatu."

Gaskiya ya faɗa, kuma har yanzu in na tuna raina yana ɓaci. Wanda ya rubuta manhajar nan ya gwada ta a kan faifai masu lafiya, ya ga tana aiki, ya je ya kwanta. Bai taɓa zama ya ce, to in faifan ya yi mini ƙarya fa? Marar lafiyar da zazzaɓi ya hau wa kai zai iya ce maka sunansa Laraba. Ba laifinsa ba ne. Likitan da ya rubuta hakan a kati, ko ya suma don ya ji, shi ne abin tambaya.

Sai muka yanke shawara kada a taɓa komai. Za mu samo wani faifan, mu kwafe Rumbu ɗungurungum, mai kyau da marar kyau, sannan mu yi ta gwaji a kan kwafin. Na zare wayar wuta daga bango na naɗe. Baffa ba ya gari, yana wajen masana'antar tayil a bayan birni, ba a sa ran dawowarsa sai Asabar. Na je wurin lawban, ya ce meyo, wannan karon kuma da gaske yake, ya ce in dawo jibi. Jibin ita ce Juma'a. Daga masallaci na wuce kasuwar kai tsaye.

Baffa bai jira Asabar ba. Ya baro masana'antar da sassafe, ya bar ciniki a tsakiya, don kada Juma'a ta wuce shi. Ya yi sallah, ya hau bene, ya ga waya a zare, ya ɗauka mai shara ce ta zare, ya mayar. Ya danna maɓallin farko. Maimakon abin da ya saba gani, allo ya yi shuɗi, rubutun Turanci ya fito. Wata manhajar ce daban, ta gyara, wadda take tashi da kanta duk lokacin da kwamfuta ta mutu ba shiri, ba tare da kowa ya gayyace ta ba. Ta ce ta ga matsala, a gyara? Baffa ya danna babban maɓallin, wanda duk Juma'a in ya danna Mero take yin sallama.

Abin da manhajar ta yi shi ne gyaran gangar Auzinawa. Ta ga taswira biyu ba su yi daidai ba. Ba ta tambayi wacce ce mai gaskiya ba, ba ta auna ko lambobin ta farko suna shiga hankali ba. Ta ce ta farko ita ce babba, ta kwafe marar lafiyar a kan mai lafiyar. Daga nan ta bi duk abin da sabuwar ƙaryar ta ce ba shi da mai shi, ta daddatsa, ta raɗa wa gutsattsarin lambobi, wasu wuraren ta ce fili ne ta yi rubutunta a kai. Da ta gama ta rubuta cewa an gyara komai. Na shigo da sabon faifai a hannu na tarar da Baffa zaune gaban wannan albishir, yana ta danna maɓalli.

Ya ce, "Ghali, yau ta ƙi magana."

Na duba. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ina dubawa ba. Shi dai ya karanci fuskata, don mutum ne da ya shekara talatin yana karantar fuskar masu sayarwa.

Ya ce, "Ɗana, ni na kashe ta?"

Na ce, "A'a, Baffa."

Kuma ina maimaitawa a nan, a rubuce, don masu cewa tsoho ya taɓa abin da bai sani ba. Baffa bai kashe kowa ba. Ya danna abin da na koya masa, a inda ya saba dannawa. Injin da zai iya rusa amanar shekara biyu da dannawa ɗaya, bai ajiye kwafin abin da zai shafe ba, bai ce tsaya ka kira wanda ya sani ba, wannan injin shi ne mai laifi, da wanda ya ƙera shi. Duk wanda na sake ji ya ɗora wa Baffa, to ya nemi wani tafintan ranar da kayansa suka maƙale.

Kwanakin da suka biyo baya ni da Harouna muka bi gutsattsarin nan ɗaya bayan ɗaya. Aiki ne mai karya zuciya. Za ka buɗe guda ka ji mahaifiyar Harouna ta fara sa masa albarka, kafin ta kai amin sai ƙara ta yanke ta, wani yaro a Kurna ya ɗora da karatun Fatiha daga tsakiya. Waɗannan duk da sauƙi, masu muryoyin suna raye, za su sake aikowa. Ta Hajiya Mero muke nema. Abin da muka samu ɗan guntu ne: ƙarar danna rikoda, zakara daga nesa, wani yana jan ruwa a rijiya, sannan numfashin da ta ja za ta yi sallama. Nan ya yanke. Harouna ya tashi ya fita baranda, ya daɗe bai dawo ba.

Muna cikin neman sauran ne jikin Rumbu ya ƙarasa rikicewa. Tsufa, da damshi, da wahalar da aka ba shi. Kirrr ɗinsa ta koma gurnani. Ranar Talata na kunna shi, ya yi ƙoƙarin tashi, ya ce ƙas. Ya sake yunƙurawa, ƙas. Ya yi haka har na ji ba zan iya ci gaba da saurare ba, na sa hannu na kashe wutar. Bai sake motsi ba.

Ya rasu ya bar allo guda, wanda tun ranar yake kallon bango, da madannai da suka rasa harafi biyu tun yana raye, da lasifika biyu da yanzu ba su da abin faɗa. Ya bar 'ya'ya ƙanana, faya-fayan aljihu cike da kwali, babu wanda ya gaji ko kashi ɗaya na ƙwaƙwalwarsa. Ya bar sabon faifan da aka sayo don ceto shi, wanda ya iso bayan an gama, yana nan a ledarsa ba mu iya kallonsa. Ya kuma bar mu.

Bai bar wasiyya ba, amma ni da Harouna mun ɗaukar masa ɗaya. Mun je wurin malaminmu mun roƙi a canza mana aikin kammala karatu, ya yarda. Za mu rubuta manhajar leƙe wadda ba ta gaskata faifai sai ta auna maganarsa. In ya ce girman ɗaki sifili ne, ta ce ban yarda ba, ta faɗa maka, ta wuce gaba da ƙafafunta. In ya aika ta bayan iyakarsa, ta ƙi zuwa. In ta ga ta dawo inda ta baro, ta tsaya. Hannunta kuma a ɗaure yake, ba za ta rubuta ko ɗigo ba sai an kwafe komai gefe. Za mu riƙa lalata faya-fayai da gangan muna ba ta, har sai ta saba da ganin jini. Wannan ba zai dawo wa Baffa da komai ba, na sani, kuma ban gaya masa ba don kada ya ɗauka ina neman ya yaba mini.

Game da jana'iza: ba za a yi sallah ba, kada malamai su taso mini, na san hukuncin ƙarfe. Ba kuma za a binne shi a nan ba. Baffa ya tambaye ni ko har yanzu akwai sauran muryar a cikin ƙarfen, ko da ba mai iya kaiwa gare ta. Na ce wataƙila akwai, ban yi masa alkawarin komai ba. Ya ce to ba za a jefa shi a kwandon sharar Sinawa ba. An naɗe shi a farin yadi, zai tafi Kano a cikin jakar hannun Baffa a jirgin mako mai zuwa, kuma Baffa bai ce ga ranar dawowarsa ba.

Za a yi zaman gaisuwa ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, a ofis, hawa na tara, ginin da ke bayan titin Huanshi. Ƙofa za ta kasance a buɗe. Kowa ya zo da abin zamansa, kujerun ba su da yawa. Kada a zo da rikoda, kada kuma a zo da shawarar wani gwani da aka sani a Hongkong, mun gode.

Abu na ƙarshe. Lokacin da Hajiya Mero ta rasu, yawancinku kun zo kun yi wa Baffa ta'aziyya, kun kuma yaba da ƙarfin zuciyarsa, don ko hawaye bai yi ba, washegari ma ya fita kasuwa. Jiya ya ce mini, "Wancan karon ban karɓi gaisuwar kowa ba, Ghali. Amsawa kawai nake yi." Don haka wanda zai zo, kada ya tsaya yi mini jajen kwamfuta. Ya wuce wurin Baffa, ya durƙusa, ya yi masa gaisuwar da ake yi wa mutumin da matarsa ta rasu a wannan makon.

Allah Ya jiƙan Hajiya Mero, Ya sa ta huta, Ya ba Baffa Kallamu haƙurin rashinta.

Sanarwa daga Ghali Tankari, a madadin ofis da dukkan masu amana.